A Bakin Wa Bature Ya Ji Labarin Badawa?

A ƙarshen watan Disamba na 1823 wani ayarin fatake da ya taso daga Kukawa ya nufi Kano ya yada zango a gefen ƙasar Bade. Hunturu ya yi tsanani a daren, har da gari ya waye aka tarar ruwan salkuna ya daskare. A cikin ayarin akwai Turawan Birtaniya biyu: Hugh Clapperton, wanda ya ari sunan Abdullahi don tafiyar, da likita Walter Oudney, wanda ciwon ƙirji ya riga ya ci ƙarfinsa. Oudney bai ga Kano ba. A Murmur kusa da Katagum ya rasu, ranar 12 ga Janairu 1824. Clapperton ya ci gaba har Kano, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a 1826 kuma aka buga labarin tafiyar a Landan da taswira a maƙale.

Ƙanƙarar nan da idonsa ya gan ta. Abin da ya rubuta game da mutanen ƙasar kuwa ji ya yi. Ya ce Badawa tsofaffin mazauna ƙasar Barno ne da ba su karɓi Musulunci ba, ana yi musu kallon 'yan tare hanya, kuma duk wanda ya kama ɗayansu, daga ɓangaren Barno yake ko daga ɓangaren Fulani, ya samu bawa. To a bakin wa ya ji? A bakin Larabawa fatake da Barebari abokan tafiya, mutanen da ke kwana da fargabar a auka musu cikin dare, waɗanda kuma cinikin bayi ba baƙon abu ba ne a hanyar da suke bi. Clapperton ba ya jin harshen Bade. Haka sunansu ya shiga takardun Turai, bisa shaidar masu farautarsu.

Duk wanda zai buɗe tsohuwar taswirar Turawa ta yankin Nguru da Gashuwa, wannan tambayar ya kamata ya fara yi mata tun kafin ya nemi gabas da yamma. Taswira shaida ce, alƙali kuwa ba ya karɓar shaida sai ya san inda mai ba da ita ya tsaya da wanda ya raɗa masa a kunne. Mutanenmu sun kasu biyu a kanta. Akwai masu ɗaukarta hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, su ne ake ji suna cewa "ai yana cikin taswirar Bature" duk sa'ad da rigimar iyaka ko ta sarauta ta taso. Akwai kuma masu cewa ƙaryar mulkin mallaka ce, a watsar. Duka biyun sun hutar da kansu wahalar karanta ta.

In ana son ganin inda irin wannan shaida take kai mutane idan abin ya yi muni, sai a leƙa can ƙarshen kudancin nahiyar. Mutanen da Turawan Fotugal suka tarar a gaɓar teku tun zuwan Bartolomeu Dias a 1488 makiyaya ne masu shanu da tumaki, suna kiran kansu Khoikhoi, wato mutane na ainihi. Ba kanwar lasa ba ne. A 1510 sun kashe Francisco de Almeida, tsohon wakilin sarkin Fotugal a Indiya, da mutanensa fiye da hamsin, a inda birnin Cape Town yake yau. Amma ba sunansu ne ya hau taswira ba. Wanda ya hau shi ne Hottentot, laƙabin da Turawan Holan suka liƙa musu, wanda masana da dama ke dangantawa da kwaikwayon yadda maganarsu ke faɗawa kunnen baƙo. Sauran ƙasar kuma aka shimfiɗa mata Kafrariya da manyan baƙaƙe. Wannan kalmar ma aro ce: kafir ce ta Larabci, wadda 'yan Fotugal suka tsinta a bakin 'yan kasuwar gaɓar gabashin Afirka. A can ma ke nan abin da maƙwabci mai ƙarfi ya faɗa shi ya zama rubutu.

Masu buga taswira na Amsterdam a ƙarni na 17, irin su gidan Blaeu, sukan ƙawata gefen takarda da hotunan mutanen ƙasashe. A can gefe mutanen kudu suke tsaye cikin fata, tsakiyar ƙasar kuwa an cike ta da daular Monomotapa da garuruwan zinariya waɗanda mai zanen bai taɓa jin wanda ya taka su ba. Bayan Jan van Riebeeck ya kafa zangon kamfanin Holan a 1652 sai taswirorin suka fara gyaruwa, kuma gyaruwar tasu ce ta fi cutarwa. Wadda ke cikin littafin Peter Kolb na 1719 da ta François Valentyn ta 1726 sun ɗauko sunayen dangogin Khoikhoi, ta Valentyn har da alamun rugage. Sai dai ruga ɗigo ce a takarda, makiyayi kuwa zagaye yake yi, damina nan, rani can. Duk filin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo sai ya fito fari fat kamar ba mai shi. A 1657 aka fara yanka wa Turawa gonaki a bakin kogin Liesbeek, daidai inda shanun Khoikhoi ke sauka. Yaƙi ya ɓarke a 1659. Da aka zauna sulhu a 1660, shugabanninsu suka tambayi Van Riebeeck, kamar yadda kundin ajiyar labarinsa ya nuna, ko su za a bar su su je Holan su yi haka. Ya amsa musu cewa ƙasar an ci ta da yaƙi, ya kuma dasa shinge. Annobar agana ta 1713 ta kwashe su da yawa, kafin ƙarnin ya ƙare kuma sunayen gundumomin Turawa, Stellenbosch da Swellendam da Graaff-Reinet, sun mamaye takardar. Mai neman sawunsu a taswirar yau sai ya dubi sunayen wurare irin su Karoo da Outeniqua da Namaqualand.

Ba haka ta kasance da Badawa ba, kuma zalunci ne ga Khoikhoi a ce ɗaya ne. Bature bai zo kwarin Yobe da iyalinsa da garmarsa don ya zauna ba, dokar filaye ta 1910 ma ba ta bar baƙo ya mallaki ƙasa a Arewa mallaka ta har abada ba. Badawa suna nan a ƙasarsu, da sarkinsu, da harshensu. Kamar da ke tsakani tana wuri biyu: hanyar da labari ya bi ya isa takarda, da abin da takarda ta kasa ɗauka.

A dubi lokacin da Clapperton ya wuce. Shekara biyu kacal bayansa, wajen 1825, Lawan Babuje ya ga harajin da Barno ke karɓa ya yi yawa, ya haɗa kan garuruwan Bade, ya gina birni mai ganuwa a Gogaram, wanda Turawa suka riƙa rubutawa Gorgoram, ya ce daga yau ba Barno ba Fulani. Wato sa'ad da littafin ke fitowa daga maɗaba'a a Landan yana bayyana su a matsayin mutanen daji marasa doka, su suna can suna dakan ƙasar ganuwa. Ɗansa Mai Alhaji ya riƙe ƙasar daga 1842 zuwa 1893, shekara hamsin da ɗaya, Barno a gabas, Haɗeja a yamma, kowa na son ya haɗiye ta. Abin da ɗan ayari ya kira tare hanya, a wurin mai ƙasa tsaron gida ne da ramuwar gayya. Mutanen da ake kai wa hari don bayi kowace kaka ba za su tari baƙon ayari da ƙwaryar fura ba.

A zamanin Mai Alhaji ne Heinrich Barth ya ratsa yankin. Shi Bajamushe ne da Ingila ta aiko, Abdulkarim ake ce masa a nan, kuma a yi masa adalci, ba a taɓa aiko mai kunne irin nasa ba. Yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, yana tafe da kamfas da agogo yana rubuta kowace kwana da hanya ta yi. Daga waɗannan rubuce-rubucen August Petermann ya zana taswirorin da suka fito cikin littattafansa biyar a 1857 da 1858. A watan Maris na 1851 ya bi ta Gumel da Machina da Bundi zuwa Kukawa. A ƙarshen Nuwamba 1852 kuma ya bar Kukawa ya nufi Damagaram, ya ratsa ƙasar Manga, ya sauka Borsari, ya bi gefen fadamun Bade, inda ya ambaci wani garinsu da ya rubuta Geshiya, sunan da kunnen ɗan Gashuwa ba zai rasa ganewa ba. Ya ga ruwan, ya ga kifin, ya kuma ba da labarin satar da aka yi wa ayarinsa cikin dare. Amma shi ma baƙon fadar Kukawa ne, da takardar Shehu Umar yake tafiya, da harshen Barebari yake tambaya. Don haka Bedde ya rubuta, yadda Barebari ke faɗa, ya kuma kira su arna. Tabbas a lokacin akwai Badawa da yawa da ke riƙe da addinin kakanni, ba wanda zai musa. Sai dai mai karatu da ya san sarkinsu na wancan zamani Alhaji ne sunansa zai ɗan dakata kafin ya haɗiyi kalmar gaba ɗayanta. A bakin fada, arne ba bayanin addini kaɗai ba ne, izini ne na kai hari.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekarun akwai Baturen da ya ji daga bakin masu abin, amma ba a nan ba. A Firitawun ta Saliyo, wani malamin mishan mai suna Sigismund Koelle ya zauna da bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku yana rubuta kalmomin harsunansu. A littafinsa na 1854 akwai jerin kalmomin Bode da Ngodsin da Doai, wato Bade da Ngizim da Duwai, kuma Petermann ɗin nan dai shi ya zana taswirar da ke nuna inda kowane harshe ya fito. Sai da aka kama Babade, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, sannan aka samu wanda ya tambaye shi yadda ake cewa ruwa da harshensa.

Nguru kuwa wata irin rashin sa'a ta yi da masu taswira: sun zo ranar da ba ta yi wanka ba. Tun ƙarnoni kafin su, nan ne mazaunin Galadiman Barno, mai tsaron yammacin daula, wanda sarakunan wannan gefe ke bi ta hannunsa. Mayaƙan jihadi suka ci garin a shekarun farko, kafin Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, gidan Galadima ya tashi. Da Barth ya zo, a Bundi ya tarar da Galadima Umar. Wanda ya dogara da hanyar da Barth ya bi kawai zai ɗauka Nguru ba ta taɓa zama komai ba sai da jirgin ƙasa ya iso daga Kano a 1930. Har wasu kan rikita ta da Ngurutuwa, inda shugaban tawagar su Barth, James Richardson, ya rasu ranar 4 ga Maris 1851. Wancan wani gari ne daban, can gabas wajen Kukawa, sunansa kuma daga dorina ya samo asali a Barbarci.

Masu yawon buɗe ido dai suna ne suka ɓata. Waɗanda suka biyo bayansu layi suka ja, kuma layin nan har gobe yana aiki.

Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince a raba tsakaninsu da layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya yi wa abin ba'a, ya ce suna ta ba juna duwatsu da koguna da tafkuna, matsalarsu ɗaya ce kawai, ba su san takamaimai inda suke ba. Faransa ta tura Parfait-Louis Monteil ya bi hanyar da ƙafa, ta Sakkwato da Kano da Haɗeja har Kukawa a 1892, ya koma ya ce ikon da kamfanin kasuwancin Ingila ke iƙirari a waɗannan ƙasashe a takarda kawai yake. Aka sake zama a Faris. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 abin kallo ce ga duk mai son ya ga yadda ake yanka ƙasa da kayan lissafin 'yan makaranta: a kafa tsinke a Sakkwato a zana baka mai nisan mil 100, a bi layin digiri 14 mil 70, a sauko kudu zuwa digiri 13 da minti 20, a miƙe gabas mil 250, a sake haurawa digiri 14 har a wuce saitin Kukawa. Miƙaƙƙen layin nan na mil 250 ta arewacin Machina ya ratsa. Babu rijiya ko ɗaya a cikin lissafin.

Rijiyar ce kuwa ta tayar da maganar. Sojojin Faransa suka ga ba yadda za su yi su kai ayari daga Kwara zuwa Damagaram, daga can zuwa Chadi, ba tare da ƙishirwa ta kashe su ko sun tsallaka ƙasar Ingila ba. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 aka matso da iyakar kudu, aka ba Faransa arewacin Komadugu daga can gabas, ƙasar Mangari inda Maine-Soroa take yau. Abin da Ingila ta karɓa a madadi shi ne abin da ya kamata kowane masunci a tafkin Nguru ya ji: Faransa ta saki tsohon haƙƙinta a gaɓar Newfoundland, wani tsibiri mai sanyi a gefen Kanada, inda masuntanta ke kama kifi su shanya. Takarda ɗaya ce ta ƙunshi duka biyun. Da wurin shanyar kifi a wata duniya aka yi musayar Mangawa. Aka ƙara gyara a 1906, sannan Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Jean Tilho na Faransa suka bi iyakar daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi, 148 jimilla, aka sa hannu a 1910.

A yi gaskiya, iyakar ƙarshe ta fi ta farko hankali, domin ta yi ƙoƙarin bin ikon sarakuna a wasu wurare, kuma ma'aikatan Tilho sun zauna da dattawa sun rubuta tarihin garuruwa. Amma Mangawa sun tashi rabi a nan rabi a can. Kwaruruwan da ake dafa mangul da manda, da inda ake kwasar kanwa, galibinsu suka faɗa Nijar. Kasuwar da ke shanye su, musamman bayan jirgi ya iso, tana Nguru. Raƙumi da takarkari ba su daina zuwa ba, kantun gishiri a naɗe cikin tabarmar kaba, sai dai abin da kakanninsu ke kira fatauci yanzu yana iya zama fasa-ƙwauri, gwargwadon yadda Abuja da Yamai suka tashi da safe. Mutanen Machina da Yusufari sun ɗanɗana wannan lokacin rufe iyaka na Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, suka sake ɗanɗanawa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023.

A cikin gida ma layin ya yi rabo. Bayan zuwan Ingila a 1902 sun amince da Mai Saleh a matsayin sarki mai zaman kansa, ba a ƙarƙashin Shehu ba, kuma wannan ganuwar Babuje ce ta saya wa Bade shi, duk da Rabe ya ci Gogaram a shekarun 1890. A tsakiyar shekarun 1940 fadar ta koma Gashuwa. Nguru da Machina kuwa aka mai da su gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Barno, ana jiran umarni daga Maiduguri, tafiyar ɗaruruwan kilomita, alhali Kano na nan kimanin kilomita 230 a kan dogo. Sai zamanin gwamna Bukar Abba Ibrahim, bayan an ƙirƙiri Jihar Yobe a 1991, suka samu masarautun kansu. Sannan ga littattafan ƙabilu, na Olive Temple na 1919 da na C. K. Meek na 1925, waɗanda suka jera mutanen Arewa kowa da akwatinsa, Musulmi nan, arna can. Na Temple ɗin, ikon Allah, a Cape Town aka fara buga shi. Irin wannan jeri ba shi da gurbin mutumin da uwarsa Babadiya ce, ubansa Bamange, yana ciniki da Hausa, yana gaisuwa da Barbarci, alhali irinsa ne suka cika kasuwar Gashuwa.

Babban abin da takarda ta kasa ɗauka kuwa shi ne ruwa. Tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa kogi ba layi ɗaya ba ne. Na Haɗeja yana rarrabuwa, wani reshe ya bi Marma ya zube a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, na Jama'are ya zo daga kudu, su haɗu kafin Gashuwa su zama Yobe. Turawan farko Yeou suka rubuta, Barth ya rubuta Komadugu Waube, komadugu ɗin kuwa kogi kawai take nufi a Barbarci. A je fadama ɗaya sau uku a shekara a gani. A watan Satumba ruwa ne iya ganin ido, shinkafa ta ɗago kai, masunci na kwance rubda ciki a kan ƙatuwar gora yana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama yana jefawa ta bakin gorar da ke ɗauke da shi. A watan Disamba ruwa ya ja, manomi na bin danshi yana shuka wake. A watan Maris Bafulatani ya sauko da shanu suna cin abin da ya rage suna bar masa taki. Fili ɗaya, masu haƙƙi uku, kowa da watansa. Ɗan safiyo da ya zo da rani zai rubuta daji, wanda ya zo da kaka zai rubuta fadama marar amfani. In aka tambayi dattijo a Dagona, sandarsa zai nuna ya ce, "Yaro, nan da kake tsaye ai gora ake hawa."

Wannan shi ne farin filin Khoikhoi a tamu sigar, kuma ba Bature ne ya ci moriyarsa ba. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, amfanin noman rani na Kano aka lissafa, domin shi yana da hekta da iyaka da lamba a takarda. Abin da ke ƙasa bai da su. Masu binciken da suka yi aiki da shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, sun ƙiyasta cewa ambaliyar da kan rufe hekta dubu 250 zuwa dubu 300 a shekarun 1960 da 1970 ta koma dubu 100 ko ƙasa da haka, sun kuma nuna cewa ruwan ya fi kawo amfani in aka bar shi ya malala fadama, idan aka haɗa kifi da shinkafa da itace, fiye da in aka tsare shi a sama. Ruwan da ake saki duk shekara ba ƙaƙƙautawa kuma ya haifar da kacala, wadda ta toshe hanyoyi, ta karkatar da ruwa gefen Nguru yana cin gonaki, na Gashuwa kuma suna jira. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a nan an ƙirga su sau da yawa. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya kuwa, sai an zubar da jini a kansa ake tuna ba a rubuta shi ba.

Akwai kuma maganar da mai karanta jaridar Hausa ba zai so ji ba. Kujerar da Barbarci ya zauna a kai a zamanin Barth, Hausa ce ke kanta yau. Ita ce harshen kasuwa da tasha da wa'azi, ita baƙo ke tambaya da ita, da ita ake ba shi amsa. Bade 'yar'uwar Hausa ce ta jini, reshe ɗaya na harsunan Chadi, amma ƙanwa ce da yayarta ke cinye wa tuwo: yara da yawa a cikin garin Gashuwa suna tashi da Hausa a baki. Harsunan Auyokawa da Shirawa da Teshenawa, dangin Bade na kusa, sun riga sun mutu, kuma ba Turanci ne ya binne su ba. Mutanen da ke kiran maganar da ba ta fita daidai gwaranci bai kamata su yi saurin yi wa Baholande dariya kan Hottentot ba. Ƙamusoshin Bade da Ngizim da Duwai da marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta tare da Alhaji Maina Gimba da 'yan ƙasa masu harsunan, aka buga a Potiskum, sun nuna abin da ake samu in mai ɗaki ne ke nuna inda ke yoyo.

Irin wannan aikin ne bai kai ga ƙasa da ruwa ba tukuna. A buɗe taswirar da ke cikin waya a matso da yankin Jakusko ko Karasuwa: titi, 'yan sunayen garuruwa, wasu da rubutun da mai garin ba zai gane ba, sauran kuma fili. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya shigar ne. Kayan aikin kuwa sun fi na Tilho nesa ba kusa ba. Littattafan Barth da na Clapperton suna intanet kyauta. Rahotannin razdan da di'o na lardin Barno suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna. OpenStreetMap kowa na iya ƙara suna a ciki. Gashuwa na da Jami'ar Tarayya tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman. Abin da ya rage shi ne malaman labarin ƙasa da na tarihi da na harsuna su haɗa ɗalibansu, a ɗauki tsohuwar taswira a hannu ɗaya a je ana tambaya: wannan da Bature ya rubuta, ku me kuke ce masa, wa ya riga zama, ina ruwan yake bi kafin Tiga. Sharaɗi ɗaya ne, kuma in an karya shi gara a bar aikin. Kada a tambayi mutum ɗaya. Tafkin da ke da suna uku a rubuta ukun, na Bade da na Manga da na Fulatanci, a rubuta watan da kowa ke shiga. In ba haka ba ɗalibin Gashuwa zai maimaita abin da Clapperton ya yi, ya ji daga bakin mai gari ya bar na ruga.

Wurin farawa ma ba sai an nema ba. Bikin kamun kifi na Mauyi Ganga yana tara masunta da dattawan Bade a Gogaram, garin Babuje, kilomita arba'in da 'yan kai daga Gashuwa, kuma kowanensu yana zuwa da sunayen tafkuna da mashigai da mashayu a ka, waɗanda ya ji a bakin ubansa.